Sadakin Inna

Ƙanin matata ne ya kawo na'urar gidanmu da ke unguwar Yara a Keffi, wata Asabar da hantsi, cikin kwali mai sheƙi da ya rungumo kamar jariri ranar suna. Yana da shagon wayoyi a bakin titin da ya nufi Abuja, inda 'yan jami'a ke cika masa gaba, su tambayi farashin komai, su tafi da caja mafi arha. Ya ji ana ta maganar wata sabuwar na'urar wasa, yana son ya saro ta da yawa, amma gabansa na faɗuwa. Shi ne ya sayo guda ɗaya ya ce a gwada a gidana.

"Yaya Malam, kai ka saba ba da maki," in ji shi. "Abu biyu za ka duba min. Ta dace da gida mai iyali? Sannan za ta shiga kasuwa?"

Na ce masa shekarun da na yi a gaban allo sun nuna min cewa mai tambaya biyu, amsar ta biyun kaɗai yake so. Ya yi dariya, bai musa ba.

Abar ba ta kai allon ɗan firamare ba. Gilashi ne a tsakiya, da mazauni da ake jona wa talabijin. In ka zaunar da ita a mazaunin, hoton ya koma talabijin. In ka ɗauke ta, hoton ya biyo ta hannunka, ka tafi inda kake so. A gefe da gefe akwai maɗannai guda biyu da ake zarewa, mutum biyu su raba su yi wasa tare. Mahaifiyata, wadda duk gidan ke kira Inna, ta dube su sau ɗaya ta ce kunnuwa ne, mazaunin kuma murhu. Sunayen da suka zauna ke nan, na masu ƙirar ba su ƙara fitowa daga bakin kowa ba.

A jikin kwalin akwai hoto: uba da uwa da 'ya'ya biyu a kujera ɗaya, kowa baki buɗe, uban ya ɗora hannu a kafaɗar ɗansa. Na daɗe ina dubansa kamar taswirar ƙasar da ba ta cikin manhaja. Babban ɗana yana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira a gaban mutane ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce, da aike, da "ka yi salla?" Uwarsa kuwa ta fi ni, in ya shigo ɗaki sai ta tuno da abin da ta bari a kan wuta. Ƙannensa mata sun yi ƙanƙanta, hannunsu bai kai maɗannan ba. Da aka gama duba wa zai iya zama kusa da wa ya yi ihu, sai aka ga mutum biyu ne kawai a gidan da ke da izinin wasa da juna tun asali: Inna da mijinta, wato jikan nata.

Talabijin babba ma a ɗakinta take. Tun da gwiwoyi suka zaunar da ita muka kai mata, saboda tafsiri, kuma muka zaɓi mai faɗi don idonta ya yi rauni. Da yaron yana ƙarami a ɗakin yake kwana, a kwanonta yake ci. Amma tun da ya shiga sakandare, murya ta fashe, ya koma gaisuwa daga bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai in ta ji takunsa a tsakar gida ta gyara ɗankwali, in takun ya wuce ta ci gaba da jan carbi.

Ranar nan kawun ya jona wayoyi ya tafi, yaron ya tsaya yana jujjuya kunnuwan.

"Zo nan, mijin banza, wanda bai san hanyar cefane ba," in ji Inna. "Me kawunka ya kawo min?"

"Ba naki ba ne, tsohuwa. Wannan sai mai ido."

"Da idon nan na zaɓe ka. To, da gaskiyarka, ya lalace. Miƙo min ɗaya."

Ya miƙa mata kunne ɗaya, kore, ya riƙe ɗayan. Ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta shinshina, ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina zaune da kai, ko ɓarin goro ban gani ba. Yau dai an biya sadaki. Malam, ka shaida."

Ina tsakar gida da takardun jarrabawa a cinya. Na ce na shaida.

Tseren motoci ne wasan. Inna ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ta sha zama a bayan direbobi tsakanin Keffi da Nasarawa, kuma tana da ra'ayi a kan kowannensu. Ba ta yarda a tashi sai ta karanta addu'ar hawa abin hawa, yaron yana jira yana buga ƙafa. In an zo kwana, da jikinta duka take karkatawa har filo ya faɗi. Ba ta wuce kowa, wai ba tarbiyya ba ce ka sha gaban wanda ya riga ka fitowa.

"Inna, taka mana! Kowa ya wuce ki!"

"Su wuce. Gaggawar me suke yi, gobara ake a gidansu? Kai, ɗan wa ne wancan mai farar mota? Wannan direban Garaku ne, na gane tuƙinsa."

Karon farko da motarta ta daki bango, kunnen ya yi rawa a hannunta, ta jefar da shi ta yi salati, ta ce yana da rai. Bayan 'yan kwanaki da gangan take dukan bangon, wai yana yi mata tausa a yatsu.

Haka la'asar ta sami sabon aiki a gidanmu. Inna ta koma neman ruwan wanka da wuri, ta sa a nemo mata kwalli. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sami umarnin ware mai kauri, a dama fura a rufe a ajiye gefen gado, ba mai taɓawa sai maigida ya dawo makaranta. Tun azahar take fara tambaya, "An kira la'asar?" kamar mai tsoron salla za ta tsere. Ni kuwa ina waje ina jin dariyar ɗana, wadda rabona da ita na manta. A raina na riga na ba tambaya ta farko maki mai kyau. Har na fara shirya jumlar da zan faɗa wa kawun, mai ɗan ado, irin ta ranar rabon kyaututtuka.

Sai taransifomar unguwa ta ƙone a tsakiyar damina.

Duk ɗan garin nan ya san abin da ke biyo baya. Aka yi taro, aka kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, aka je ofis aka dawo da alkawari. Ina da ɗan janareta, amma malamin makaranta ba ya tayar da janareta don tseren motoci, sai don jawo ruwa. Talabijin ta zama baƙin madubi. A da, irin wannan ɗaukewar wuta kowa take zaunarwa wuri ɗaya, a yi ta fifita ana zagin masu wutar, wanda shi ma hira ce. Amma masu ƙirar na'urar nan sun yi tunanin komai. Yaron ya sa hannu biyu ya ɗauke ta daga murhu, hoton ya biyo shi. Caji kuma akwai sola a shagon kawu.

A yi masa adalci, da farko ɗakin Inna yake kawo ta. Ya jingina ɗan gilashin da kwanon fura, ya zauna a ƙasa kusa da gado. Inna ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa shi.

"Ina motocin?"

"Ga su nan. Ga taki, kore."

"Waɗannan ai kiyashi ne."

Ta riƙa danne-danne a makance, shi kuma yana ce mata ita ce a gaba. Ta bar shi ya faɗa sau biyu, a na uku ta ce, "In ni ce a gaba, me ya sa kunnen ke ta rawa? Ka yi wa matan waje ƙarya, ban da ni."

Daga nan na'urar ta fita dakalin ƙofar gida, inda abokansa ke jira da idanu masu kyau. Sai dai akwai cikas. Ko shi kaɗai zai yi, ko da aboki, sai da kunne biyu. Koren kuma Inna ta ƙulle shi a bakin zani, a ƙullin da take ajiye goro, wurin da ba a taɓa jin wani ya kai hannu ba tun ina yaro.

Ina ganin wannan ne lokacin da ta fi jin daɗi, fiye ma da kwanakin tseren. Dole ya shigo, dole ya zauna.

"Amarya, a ara min."

"Yau ni ce amarya? Jiya tsohuwa."

"Haba, ran amarya ya daɗe. Zuwa magariba kawai."

"Sadaki ake arawa? A gidan wa ka ga an yi haka? Zauna ka sha furarka. Wane malami ya zane ka yau?"

"Ba wanda ya zane ni."

"To makarantar ta lalace. Ba ni labarin wanda aka zane."

Sai ya sha fura, ya ba da labari, ya kwaikwayi tafiyar shugaban makaranta, sannan ta fara kwance ƙullin a hankali, da yatsun da na san sun fi haka sauri. Da magariba ya dawo da shi, a sake wani zaman na karɓa, ta duba ko an ƙwarzane mata kaya. Zuwa biyu ke nan a yini, daga yaron da a da ƙafa ɗaya kawai yake shigarwa. Ta ce da ni wata rana, tana ɗaure ƙullin da haƙori, "Ku masu boko sai ku yi ta karatu. Miji ba a kiransa, abinsa ake riƙewa."

Ana cikin haka kawun ya zo karɓar sakamako. Ya tarar da yaron a durƙushe gaban gado yana magiya, abokai suna leƙe daga zaure, Inna ta kau da kai tana cewa yau ba ta jin bayarwa. Mutumin kirki ne ƙanin matata, ba ya iya ganin matsala ya wuce, musamman wadda maganinta ke cikin shagonsa. Washegari sai ga shi da ƙaramin kwali: sabbin kunnuwa biyu.

"Ai a nan cinikin yake, Yaya Malam," ya ce min a zaure, yana murna. "Uwar sau ɗaya ake saya. Amma kunnuwa, da jaka, da caja, da sabon wasa, kullum sai an dawo."

Sannan ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna.

"Inna, na raba ki da fitinar yaron nan. Yanzu ki riƙe naki, ba mai ƙara damunki."

Inna ta dubi kwalin a hannun jikanta, ta dubi kawun.

"Ka kyauta," ta ce. "Allah ya yi albarka, ya buɗa kasuwa, ya ba ka masu yi maka."

Na sha jin mahaifiyata tana sa albarka. Ban taɓa jin ta jera ta tsaf haka ba, kamar amsar ɗalibin da ya haddace. Kawun ya fita yana cewa amin har ƙofar gida.

Furar ranar ƙannensa suka shanye. Ta washegari ma haka. A kwana na gaba Inna ta ce wa mai nono ta daina warewa, wai kaurin yana tayar mata da ciki.

Na yi abin da uba zai iya. Na gaya wa uwarsa, ta gaya wa ƙanwarsa, ƙanwar ta gaya masa cewa Baba ya ce ya je ya yi wasa da Inna. Na tayar da janareta da man da na ajiye don ruwa. Ya shigo ya zaunar da na'urar a murhu, ya zauna a inda ya saba. Na san irin zaman nan, na sha sa ɗalibai su yi shi bayan an tashi: baya a miƙe, ido a ƙofa. Aka tashi tsere ba a jira addu'a ba, don Inna ba ta fara ba. Ya rage gudu ya bar ta ta wuce shi. Motarta ta isa farko, abin da bai taɓa faruwa ba, talabijin ta cika da tafi da furanni.

Inna ta ajiye kunnen a cinya.

"Tashi ka tafi, abokanka na jira."

"A'a, mu ƙara ɗaya."

"Wa ya turo ka?"

Ya dubi ƙofa.

"Ba na son mijin da aka turo. Tashi. Malam, kashe injin nan, ana asarar mai."

Wuta ta dawo bayan damina ta ɗauke, aka yi ihu a unguwa, kwamiti ya karɓi godiya. Amma na'urar ta riga ta saba da jakar makaranta, murhun ya zauna fanko a kan tebur da wayarsa a jone. Koren kunnen yana nan a ƙulli. Wani lokaci in na wuce ta taga ina ganinta ta kwance shi ta danna, wata 'yar fitila ta ƙifta a gefensa, ta mayar ta ɗaure. Ba ta san ina gani ba, ni ma ban nuna ba.

Wata ranar Juma'a, na dawo masallaci na shiga gaishe ta, ta miƙo min shi.

"Malam, duba min. Ya daina ƙiftawa."

Na danna, na jujjuya. Na ce mata cajinsa ne ya ƙare. Ta ce to a sa masa, ga wuta an kawo. Na ce ba shi da kafar da za a sa waya, ba ya shan caji sai an maƙala shi a jikin uwar. A da, duk sanda yaron ya ara ya maƙala, a nan yake sha.

"Ba ya ci sai a jikin uwarsa," in ji ta.

"Haka suka ƙera shi."

"Ashe."

Ta karɓa ta goge shi da gefen mayafi, gaba da baya, ta hure ƙurar goro daga tsakanin maɗannan. Na ce zan sa a kawo na'urar a maƙala shi ya sha, a dawo mata da shi kafin magariba. Ta ce a'a, in ya sha ma wa zai yi wa rawa.

"Kai masa. Ka ce na mayar da sadakinsa."

Na fito da shi a hannu na tsaya a tsakar gida. Irin wannan magana ba ta fita daga bakin uba zuwa kunnen ɗan fari, ko da wasa ce, balle ba na jin wasa ce. Na ba uwarsa na faɗa mata saƙon. Ita ta ba ƙanwarsa. Kafin abin ya isa hannunsa saƙon ya zube a hanya, sai kunnen kaɗai ya isa. Na ji shi daga zaure yana ce wa abokansa, "Yauwa, yanzu mutum huɗu za su iya yi!" Ya leƙo ya ɗaga murya ta wajen tagar Inna.

"Na gode, amarya!"

Muryarta ta fito daga ɗaki.

"A dawo lafiya, ɗan Malam."

Bai lura ba, ya riga ya juya. Tun daga ranar haka take kiransa, shi ma a hankali ya koma ce mata Inna kamar kowa, yana gaisuwa cikin ladabi daga bakin ƙofa. Baƙi har yabonsa suke yi.

Da kawun ya sake zuwa neman amsa, na ce masa ya saro, za ta shiga. Garin da wuta ke tafiya ba sallama, abin da ba ya jiran wuta ba zai kwana a kan kantar shago ba. Iyaye za su saya saboda hoton jikin kwali, yara kuma sun san ana ɗauke ta daga murhu. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce shi ya sa yake son shawarar mai ilimi. Na jira ya tambaye ni ɗaya tambayar. Ya tashi ya kaɗe riga, ya ce a gaida yayarsa.

Ya saro, ta kuma shiga. In na bi ta gaban shagon ina ganin kwalayen a jere, uban nan na hoto da hannunsa a kafaɗar ɗansa, sau shida ko bakwai a layi ɗaya. Har ma'aikata masu zuwa Abuja da safe suna tsayawa su yi tambaya.

Murhun yana ɗakin Inna har yanzu, ba wanda ya nema. Ta sa an cire masa waya, a cikinsa take ajiye carbi don kada ya zame bayan gado. Talabijin ta koma tafsiri. Ta daina tambayar ko an kira la'asar, tana jin ladan da kanta, sai ta jawo buta.